Ranar da Uwani Ta Ɗaga Hannun Dama

Gidan da ke jikin katangata an mayar da shi makaranta. Mai gidan ya rasu, magada suka sayar, wanda ya saya ya sa aka shafe bangon da fenti ruwan ɗorawa, aka zana zaki da giwa da wata dabba da har yau ban gano ko mece ce ba, aka rataya ƙyalle a bakin ƙofa wai malamansu masu ƙaunar koyarwa ne. Ɗakin da marigayiya matar gidan take ajiye buhunan masara shi ne aji ɗaya yanzu, tagarsa kuwa tsakar gidana take kallo, don haka ko ina so ko ba na so ni ma an sa ni a rajista. Tun ban gama lazimin safe ba nake jiyo muryar malamarsu, yarinya ce, muryar ba laifi akwai zaƙi, tana cewa, "Kun gane?" Su kuma su amsa gaba ɗaya har kwanon rufi ya ɗauka, "Mun gane!" Sai in ajiye carbi in ce, ƙarya kuke yi 'ya'yan nan, rabinku ko tambayar ba ku ji ba.

Jikokina suna cewa na cika zargi. "Hajiya, ke fa babu wanda ya yi miki." Gaskiyarsu. Mai kayan miya in ya ƙara mini gyara ban roƙa ba, sai na juya tumatirin na nemo inda ya ruɓe. Ɗan adaidaita in ya cika gaisuwa, sai in ƙara matse jakata a hammata. Amma duk cikin mutanen da nake wa kallon gefen ido, babu kamar malamin da ake cewa yana mutuwar son aikinsa. Shekara talatin da biyar na yi ina shaƙar alli, na ga masu kuka ranar rabuwa da ɗalibai, na ga masu riga maigadi zuwa bakin ƙofa, na ga masu rantsuwa ko ba albashi za su koyar. Ba na ƙaryata su, so kam akwai shi. Tambayata ita ce, me ake so ɗin? Yaran ne, ko tsayawa a gabansu ana kallonka? Ni dai an yi mini wannan shaidar tun da ƙuruciyata, har ana nuna ni ana cewa don koyarwa aka haife ni, kuma na san abin da na aikata ina tsakiyar son nan.

Lokacin da na tashi, unguwar nan tamu ta Gyaɗi-Gyaɗi ba haka take ba. Gidaje tsilli-tsilli ne, tsakaninsu gonaki da fili, in damina ta faɗi dawa takan ɓoye mana gidan maƙwabta ƙurungum. Da safe ba ka jin komai sai luguden mata da kukan jakai masu kai taki, sai ƙarar keken ɗinkin Baba a soro, don tela ne, kuma ba ya sauka daga kan keken nan sai an kira azahar. Yanzu kuwa in ka fito bakin titi, tsakanin hon ɗin adaidaita da janareta da masu walda da lasifikar mai maganin basir, ko sallama ka yi wa mutum sai ka maimaita. Aikina kullum shi ne shara, da jan ruwa a rijiya har a cika randa uku, da wanke tukwane da toka, da kai niƙa. Ina gamawa sai in tattara ƙannena da 'ya'yan maƙwabta in jera su a gindin bango, in ɗauki gawayi a hannu ɗaya, tsumagiya a ɗaya, in yi ta surutu har muryata ta dishe. Matan gida su ce ga malama, ga malama. Inna ce kaɗai ba ta yaba, sai ta dube ni ta gefen turmi ta ce, "Ke dai a saurare ki, shi ke nan damuwarki." Haushin maganar nan nake ji ƙwarai, na ɗauka ba ta son ci gabana ne.

Da na gama firamare aka ɗauke ni kwalejin horon malamai ta mata, ta kwana. Nan aka sha daru. Baffa, wan Baba, shi ne mai faɗa a ji a danginmu, kuma bai ga dalilin da 'ya mace za ta tafi ta kwana a wani wuri shekara da shekaru ba. Baba bai iya musu ba, amma a kan wannan ya kafe. Da ƙyar aka sasanta a gaban dangi, Baffa ya gindaya sharaɗinsa. "In ta ci, ta ci. In ta faɗi, ko sau ɗaya ne, ta tattaro akwatinta, kada in ji maganar maimaita aji." Baba ya ce ya yarda. Haka na yi shekarun nan da maganar Baffa a kunnena, ban taɓa faɗuwa ba, har muka kai shekarar ƙarshe, wadda ake rarraba ɗalibai makarantun firamare su yi zango guda suna gwajin koyarwa. A cikin zangon wani malami daga kwaleji zai zo ya zauna a bayan aji ya ga yadda kike yi, ya ba ki maki. In ya kayar da ke babu takarda, sai kin sake shekara. Ni kuwa ba ni da wata shekarar.

Aka tura ni wata makaranta a gefen Tarauni, na dawo gida da zama, kullum in taka da ƙafa ta cikin gonaki, raɓa ta jiƙa mini bakin zane kafin in isa. Makarantar jeri biyu ce ta azuzuwa da wata tsohuwar tsamiya a tsakiya, a jikinta aka rataya wilin mota, shi ne ƙararrawarmu. Allo kuwa duk ranar Juma'a ake fasa tsohon batir a kwaɓa baƙin cikinsa da ruwa a shafe shi, hannun yara ya yi baƙi ƙirin har Asabar. Aji uku aka ba ni, yara arba'in da wani abu, wasu a benci, wasu a ƙasa.

Malamai biyu ne suka tsaya mini a rai. Na farko Malam Isyaku na aji huɗu, matashi, fes da shi, agogo a hannu, biro uku a aljihu. Kai, in yana koyarwa har masu tallan da ke jiran a fito hutun tara sukan leƙo ta taga. Ya yi waƙa, ya yi tsalle, ya buga tebur, yara su ɗauki amshi makaranta ta amsa. Kowa cewa yake aikin nan a jininsa yake, ni ma ina ganinsa na ce ga irin malamin da nake so in zama. Ta biyu Mama Rifkatu ce ta aji biyu, dattijuwa daga wajen Filato, mijinta ma'aikacin gwamnati ne, sun daɗe a Kano har Hausarta ta fi ta wasunmu. Ajinta shiru kamar ba kowa. In ka leƙa sai ka same ta zaune a ƙasa ta miƙe ƙafa, yara biyar ko shida sun kewaye ta, gabansu tsakuwa da tsinken tsintsiya, sauran suna ta rubutu. Ba waƙa, ba tafi. Malamai suna cewa ta gaji, fansho kawai take jira, ni ma na yarda da su. Ga shi tana da wata ɗabi'a da ta tsaya mini a wuya: in ta zo wucewa ta bakin ajina sai ta ɗan tsaya a taga, ta kalli yaran, ni ko kallona ba ta yi, sannan ta wuce abinta. Na ce a raina tsohuwar nan akwai abin da take ƙullawa. Ba 'yar garinmu ba ce, ba addininmu ɗaya ba, kuma a wancan lokacin wannan ya ishe ni hujja, Allah ya yafe mini.

Koyarwa kam ina yi da zafina. Ina raba dare ina shirya darasi, ina zuwa da wuri, ina komawa gida da dusasshiyar murya Baba yana tausaya mini. Akwai yara tara ko goma a bencin gaba da suke cafke duk abin da na faɗa kafin ya faɗi ƙasa, su nake kallo, su nake tambaya, su nake aike. Sauran kuwa amshi ne nasu, in na ce kun gane su ce mun gane. Da labari ya zo cewa malamin kwaleji zai zo ranar Laraba ta sama, sai na tuna in na yi tambaya hannu goma ne zai tashi a cikin arba'in, kuma ana ba da maki a kan yawan yaran da suka shiga darasi. Na kai kukana wajen Malam Isyaku a lokacin tara. Ya yi dariya har yana dafa tsamiya.

"Haba Malama, wannan ne ya hana ki cin ƙosai? Ai abu ne mai sauƙi. Ki gaya musu, in kin yi tambaya kowa ya ɗaga hannu. Wanda ya sani ya ɗaga dama, wanda bai sani ba ya ɗaga hagu. Baƙo yana baya, shi dai hannuwa zai gani kamar gonar dawa. Ke kuma kin san inda za ki nuna."

Na ce, "Malam, ba ha'inci ba ne?"

Ya ce, "Ha'incin me? Kin iya aikin ko ba ki iya ba? To taimaka wa baƙon kika yi ya gani. Kowa da kika gani a nan da haka ya wuce."

Ni da nake zargin inuwata, wannan maganar ban zarge ta ba ko kaɗan, don ta zo daidai da abin da nake so. Kwana huɗu muka yi muna gwadawa. Na lura akwai 'yan baya da suke noƙewa, ba dama ba hagu, sai na ɗauko tsumagiya na buga a tebur na ce ranar Laraba duk wanda na ga hannunsa a ƙasa, sai na farfasa masa jiki bayan baƙo ya tafi. Ana cikin gwajin ne ranar Litinin na ɗaga kai na ga Mama Rifkatu a taga. Ta daɗe tana kallon hannuwan nan. Da aka tashi ta tare ni a hanya ta ce, "'Yata, yaran nan da suke ɗaga hagu, in baƙo ya tafi me za ki yi da su?" Na ce, "Ban gane ba, Mama." Ta ce, "Kin gane." Ta gyara jakarta ta wuce. Na kwana ina juyi, na tabbata za ta kai ni ƙara wajen hedimasta, ko ta tare malamin kwaleji a bakin ƙofa ta tona ni.

Ranar Laraba malamin kwalejin ya zo a kan tsohon babur ɗinsa, dattijo ne mai furfura da tabarau, ya koyar da mu lissafi a shekarar farko, mutum ne da ba ya ɗaga murya. Ya gaisa da yara, ya ja kujera can ƙurya ya buɗe littafin maki. Darasin lissafi ne, sau bakwai. Na fara, murya ta buɗe, alli yana gudu a allo, wallahi ni kaina na ji daɗin kaina. Na yi tambaya ta farko, hannuwa suka tashi rututu, na nuna na gaba ya amsa daidai. Na yi ta biyu, haka. Na saci kallon dattijon na ga yana gyaɗa kai yana rubutu. Da na tsaya a nan da shi ke nan. Amma sai zuciya ta ce mini kada ya ga kamar 'yan gaba kawai nake kira, bari in nuna masa har ƙuryar ajina ilimi ya kai. Na ce, "Bakwai sau shida?" Na bi hannuwan baya da ido, hagu, hagu, hagu, sai ga dama guda ɗaya a jikin bango, wata siririyar yarinya mai jan kallabi. Sunanta ma ban sani ba. Na ce, "Ke mai jan kallabi."

Ta miƙe tsaye, ta sunkuyar da kai, ta ce a hankali, "Malama, ban sani ba."

Kafin in buɗe baki dattijon ya cire tabarau ya ce da ita cikin lallashi, "To 'yar albarka, in ba ki sani ba me ya sa kika ɗaga hannu?"

Ta ce, "Malama ta ce kowa ya ɗaga, wanda bai sani ba ya ɗaga hagu. Ni kuma Innarmu ta hana ni miƙa wa babba hagu."

Daga aji huɗu ina jiyo waƙar Malam Isyaku. Dattijon ya rufe littafinsa ya ce, "Duk wanda ya ɗaga hagu ɗazu ya miƙe." Benci suka fara ƙara. Ɗaya, uku, goma, har na daina ƙirgawa, 'yan gaba kaɗai suka rage a zaune suna waige. Bai ce mini komai a gaban yara ba, ya yafito ni waje gindin tsamiya. Ya ce, "'Yar nan, murya kam kina da ita. Abin da ya kamace ni shi ne in kayar da ke yau, kuma na san abin da faɗuwa take nufi a gidajenku. Ban ba ki maki ba tukuna. Zan dawo kafin zango ya ƙare, ba zan faɗi rana ba, kuma waɗanda suka miƙe ɗin nan su zan tambaya." Ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Abin da na yi bayan nan shi ne abin da ban taɓa gaya wa 'ya'yana ba. Na koma aji idona ya rufe, ba na ganin komai sai fuskar Baffa da kan Baba a sunkuye. Na fizgo yarinyar nan daga jikin bango na kawo ta gaban allo na ce, "Wa ya sa ki? Tsohuwar nan ce ta kitsa miki ko?" Ta girgiza kai. Na ɗauke ta da mari, irin marin da har tafin hannuna ya yi zafi, kallabin ya faɗi ƙasa. Ba ta yi ihu ba. Ta durƙusa ta ɗauki kallabinta ta koma wurinta, hawaye yana zuba ba sauti. Da na je wa Malam Isyaku da labari sai ya ɗage kafaɗa ya ce, "Ni na ce ki kira na baya? Ai ba a kiran wanda ba ka sani ba, Malama. Kuma don Allah kada sunana ya fito."

Na wuce wajen Mama Rifkatu a fusace. Tana zaune a bakin ajinta tana ɓarar gyaɗa. Na ce, "Mama, me na tsare miki da za ki sa yarinya ta kunyata ni?" Ba ta ko ɗaga gira ba. Ta matsa ta ce in zauna, na ƙi. Ta ce, "Yarinyar da kika mara, yaya sunanta?" Na kau da kai. Ta ce, "Wata biyu tana gabanki. Uwani sunanta, gidansu yana wajen Ƙauyen Alu, babanta dako yake yi da amalanke. Shekara guda ta yi a hannuna. Ba ta da sauri, sai an ba ta tsakuwa ta ƙirga da hannunta, amma in ta riƙe abu ba ta saki. Ni ban gaya mata komai ba. Da ina son in tona ki, ofishin hedimasta taku goma ne daga nan." Sannan ta kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga cinyarta ta ce, "Lissafin zan taimake ki, wannan mai sauƙi ne. Amma ki je gidansu yau, tun shatin marin bai baje ba, ki ba uwarta haƙuri." Na ce to. A raina kuwa na ce ni, malama guda, in je in durƙusa saboda 'yar shekara tara? Ai sai a ji a unguwa.

Taimakon na karɓa, don ba ni da zaɓi. Ta sa na ajiye tsumagiya a gida, na zo da gwangwanin tsakuwa. Ta ce in rubuta sunan kowane yaro da ya miƙe ranar nan, in haddace kafin Litinin, kuma in daina tambayar kun gane, in ba yaro abu ya yi in gani da idona. Na cire takalmi na zauna a ƙasa kamar yadda take yi, zanena ya yi buɗu-buɗu, 'yan bencin gaba suna mini kallon mamaki. Aiki ne mai cin rai, babu tafi a cikinsa, babu mai leƙowa ta taga. Ka jera wa yaro tsakuwa bakwai-bakwai har layi shida, ya ƙirga ya ɓata, ya sake ya ɓata, gobe ya dawo kamar ba ku taɓa haɗuwa ba. Sau da yawa nakan ji kamar in kurma ihu. Na taɓa tambayar Mama ko ita ba ta gajiya, ta ce, "Ina gajiya mana, kullum ma. In na ce miki ina jin daɗin kowace safiya na yi ƙarya. Amma in ban zauna da su ba wa zai zauna?" A cikin makonnin nan ne wani yaro mai in'ina, da tun zuwana bai taɓa buɗe baki ba, ya ɗago kai daga tsakuwarsa ya ce arba'in da biyu, ya dube ni yana jiran in ce ba haka ba ne. Daɗin da na ji a ranar daban yake da wanda nake ji in aji ya ɗauki amshi, ya fi shi nauyi, kuma babu wanda ya gani sai ni da shi.

Wurin Uwani kuwa babu kowa. Ba ta zo ranar Alhamis ba, ba ta zo mako na gaba ba. Kullum in na zo kan sunanta a rajista sai in sa alamar fashi in yi sauri in wuce. Duk Litinin Mama Rifkatu za ta tare ni, "Kin je?" In ce, "Zan je, Mama, bari dai baƙon nan ya zo ya wuce." Har na fara kauce wa hanyarta, ina raya wa kaina so take ta ga na wulaƙanta. Kuma in faɗi gaskiya tunda na ɗauko faɗa, rashin zuwan yarinyar bai ɓata mini rai ba sosai, don ina ganin an rage mini mutum ɗaya cikin waɗanda za su iya ba ni kunya.

Dattijon ya dawo saura mako ɗaya a yi hutu, ranar da ban zata ba. Ya same ni a ƙasa cikin tsakuwa. Ya karɓi alli da kansa ya dinga kiran 'yan baya ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka amsa daidai, wasu suka nemi tsakuwa ya ce a ba su, wasu suka ce ba su sani ba, kuma duk wanda ya nuna ina kiran sunansa. Ya rubuta abin da zai rubuta, ya ce mini na wuce. Har ya kai bakin ƙofa sai ya juyo ya bi ajin da kallo ya ce, "Ina 'yar nan mai gaskiya?" Na ce, "Ba ta da lafiya, Malam." Ya ce Allah ya ba ta lafiya, a gaishe ta.

Sai ranar da aka yi hutu, bayan takardata ta tabbata, sannan na sa wata yarinya 'yar ajina ta kwatanta mini gidan su Uwani na tafi. Gida ne na ƙasa, ɗaki biyu da rumfar kara. Na sami uwar tana surfe, mace ce ba ta girme ni da yawa ba. Ta ajiye taɓarya ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa a kwanon sha, ta gaishe ni da girmamawa har na ji kunya. Ta ƙwala kira, Uwani ta fito daga madafa hannunta duk toka, ta durƙusa daga nesa ta gaishe ni ba ta ɗago ba. Na yi 'yan kame-kamena, na ce zuciya ce, na ce a yi haƙuri, in an koma hutu a bar ta ta dawo, akwai malamar da za ta kula da ita.

Uwar ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Malama, tun tana rarrafe nake buge hannun nan in ta miƙo hagu. Ni na koya mata, kuma ni na ce kada ta yi wa babba ƙarya. Ta je ta yi abin da na ce, ta dawo mini da shatin yatsu a kumatu. In laifi ne ai ni ya kamata a mara." Ta gyara ɗaurin zanenta ta ci gaba, ba faɗa a muryarta. "Babanta da ya gani ya ce ta bar zuwa. Na ce ya dakata, malamar za ta zo, yarinya ce ita ma, ɓacin rai ne. Kwana bakwai ina tausarsa, kullum da la'asar ina share wajen nan ina cewa yau za ki zo. Da ya ga shiru sai ya rantse da Allah ba za ta ƙara taka makarantar boko ba. Kin san mutanenmu da rantsuwa. Da kin zo a wancan makon, da ban bari ta kai ga haka ba."

Na ce ko zan jira maigidan, ta ce ba amfani, sai dai in ƙara masa zafi. Da na miƙe ta ce, "Uwani, raka Malama, ɗauki mata jaka." Yarinyar ta goge hannunta a zane ta ɗauki jakar, ta bi ni a baya har bakin soro. A nan ta tsaya, ta rusuna, ta miƙo mini da hannun dama ta tallabe shi da na hagu, ta ce, "A sauka lafiya, Malama."

Takardata ta fito kafin azumi da sakamako mai kyau. Baba ya yanka zakara biyu, Baffa da kansa ya tako har gida ya sa mini albarka, ya ce ashe da gaske don koyarwa aka haifi yarinyar nan. Uwani ba ta ƙara shiga aji ba.